Da wace tiya aka auna jan nan?

Kawu bai ma karɓi kwamfutar daga hannuna ba. Sunkuyowa ya yi, ya gyara zaman tabarau, ya ƙura wa shafin ido, can ya ce, "Ɗan nan, wannan ba jan kakanka ba ne."

Na ce, "Allah gafarta Malam, shi ne mana. Da hannuna na ɗauka."

Bai tsaya musu da ni ba. Ya jawo gafaka, ya kwance igiyar, ya lalubo fallen da ake magana a kai, ya riƙe shi kusa da gilashin kwamfutar. Nan bakina ya mutu. Jan da ke kan takarda yana nan da ransa kamar an shanya tattasai, na hotona kuwa ya koma launin goron da ya kwana a aljihu. Koren ɗigon nan na kan alif ya dushe ya yi toka-toka, ruwan ɗorawan hamza ma sai ka matso sosai kafin ka raba shi da launin tsohuwar takarda.

Alƙur'ani ne rubutun hannun kakanmu, yana gidanmu na Birni tun kafin a haifi mahaifiyata. Falle-falle yake, babu ɗinki, a riwayar Warshu kamar yadda aka saba rubutawa a ƙasar nan. Duk wanda ya yi karatun allo ya san aikin da launi ke yi a irin wannan rubutu: baƙi na baƙaƙe, ja na wasulla, ɗorawa na hamza, kore na alifin da ake tsallakewa in an sadar da karatu. In launi ya rikice, karatun ne ya rikice. Gara ta fara cin gefen wasu fallaye, shi ne dangi suka ce tunda sana'ata ce, in ɗauke shi a hoto a ajiye.

Sana'ata ce kuwa, na fi shekara goma ina hoton fasfo da na biki da na suna, don haka na ɗauki aikin kamar shan ruwa. Na shimfiɗa ƙyalle a zaure daidai inda hasken ƙofa ke faɗowa, na kafa kyamara tana kallon ƙasa, ƙanena da alwalarsa yana ɗaga falle yana ajiye falle. Na taɓa jin ana cewa Adobe RGB ya fi sRGB ɗibar launi, sai na shiga saitin kyamara na zaɓe shi. Na kuma ji cewa da TIFF ake ajiye kayan tarihi, saboda haka da muka gama, bayan kwana goma sha biyu, na zuba hotunan JPEG ɗin duka cikin wata ƴar manhaja ta kyauta, ta sake musu suna ta mai da su TIFF a dare ɗaya. Washegari na goge katin kyamarar, ina da biki a Zango.

Da na baro wurin Kawu na kira wani abokina a Yamai da ya daɗe yana aikin ɗaukar tsofaffin littattafai. Bai bari na gama kukana ba ya ce, "Wane furofil ke cikin fayilolin?"

Na ce, "Furofil na me?"

Ya yi dariya har da tari. "Malam, hatsi ka auna ka jefar da tiyar."

Maganar nan tasa ce ta buɗe min kai, kuma har yau ban sami misalin da ya fi ta ba. Hoto a kwamfuta lambobi ne zalla. Kowane ɗigo lamba uku ne, ta ja, ta kore, ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255 a hoto na yau da kullum. A ce ɗigo ɗaya na wasalin kakanmu 180, 45, 40 ne. To, 180 na me? In mutum ya ce maka ya sayo gero awo goma, ba ka san yawan geron ba sai ka ji ko da tiyar Kasuwar Dole aka auna ko da mudun wani gari. Furofil shi ne tiyar. Ɗan ƙaramin fayil ne da ake cusawa cikin hoton, yana gaya wa kowace na'ura wane irin ja 255 ke nufi, wane kore, wane shuɗi, wane fari ake kira fari, da yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari. Kamfanoni takwas ne, cikinsu har da Adobe da Apple da Kodak da Microsoft, suka haɗu a 1993 suka kafa ƙungiyar ICC don kowa ya riƙa rubuta tiyarsa a tsari ɗaya.

Tiyar Adobe RGB ta fi ta sRGB girma, musamman ta wajen kore. In hoto ya zo babu shaidar komai, galibin manhajoji sai su ɗauka sRGB ne, don shi ne na gama-gari tun da HP da Microsoft suka fito da shi a 1996. Wato gero aka ranta da babbar tiya aka zo biya da ƙarama: lissafi awo goma ne cif, buhu bai cika ba. Abin da ya kashe jan ke nan.

Ya sa na sauke ExifTool, manhajar da ke tono duk abin da ke ɓoye cikin fayil. Na bi TIFF ɗina ɗaya bayan ɗaya, wayam. Abin da ya cece ni wani tsohon kati ne da na yi gwajin ranar farko a kansa, hotuna bakwai, sunan kowane ya fara da ƴar karan nan ta ƙasa, _DSC. Ashe ƙa'ida ce ta masu ƙera kyamara: in ka zaɓi Adobe RGB sunan fayil zai fara da wannan alama, kuma kyamarori da yawa ba sa cusa furofil ɗin kansa cikin JPEG, ƴar shaida kawai suke bari a Exif, wato bayanan da kyamara ke rubutawa cikin fayil ɗin hoto. Ni kuwa na sake sunan, na bari Exif ya zube a hanya, shaidun biyu suka tafi tare. Akwai inda ake danna wa manhajar ta riƙe su, ni ne ban duba ba.

A nan akwai wani rami da na faɗa, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Manhajojin gyaran hoto suna da umarni biyu masu kama da juna, ɗaya na liƙa furofil, ɗaya na juyawa zuwa furofil. Liƙawa ba ta taɓa lamba ko ɗaya, cewa kawai take yi ga tiyar da aka auna da ita, sai launin da ido ke gani ya canza. Juyawa kuwa sake awo ne, lambobin su canza don launin ya tsaya inda yake. Ni juyawa na fara dannawa. Manhajar ta ɗauka hoton sRGB ne, ta kwashi dusasshen jan nan ta sake auna shi da babbar tiya, ta buga masa hatimin Adobe RGB. Yanzu ga furofil a ciki, ga launi a mace, kuma duk wanda ya zo bayana zai rantse haka littafin yake. Allah ya sa a kan kwafi na yi. Da na koma na liƙa, jan ya taso kamar an hura garwashi.

Murnata ba ta kai la'asar ba. Na jera shafi ashirin a fuskar kwamfuta, takardar da na san launinta ɗaya ne ta fito kala-kala: ta safe shuɗi-shuɗi, ta yamma ja-ja, ta ranar da hazo ya rufe gari kamar an tsoma ta a kunu. Na bar kyamara tana daidaita fari da kanta, ita kuma kowane shafi da abin da ta ga dama. Wannan babu furofil ɗin da zai gyara shi, don tun farko ba a auna hasken ba. Na je na sami Kawu na ce a yi haƙuri, sai an sake. Ya ce, "Kakanka shekara ya yi yana rubutawa. Kwana goma sha biyunka ba su ba ni tausayi ba."

Zagaye na biyu ɗaki muka koma, muka toshe taga da bargo. Fitila biyu iri ɗaya na LED, masu lambar CRI (ma'aunin yadda fitila ke fito da launi na gaskiya) sama da 95, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a karkace kamar digiri 45 don kada tawada ta yi ƙyalli. Na haɗa su da batir, saboda wutar gari in ta yi sama ta yi ƙasa haske ma bin ta yake yi. Kafin a ɗauko littafi sai na ɗauki farar takarda, in auna tsakiya da kusurwa huɗu a kwamfuta, in gefe ɗaya ya fi haske in matsar da fitila. Ranar farko wannan kaɗai ya ci mana awa biyu.

Katin launi sai da na jira sati uku kafin wani ɗan uwa ya taho min da shi daga Kano. ColorChecker sunansa, gida 24, tun 1976 ake yin sa, layin ƙasa gida shida ne daga fari zuwa baƙi. Kowane gida an san ainihin launinsa a lambobin Lab, waɗanda ba ruwansu da kowace na'ura. Abokina ya ja min kunne kada yatsa ya taɓa gidajen, kada a bar shi a rana ko a ƙura, abin da a Damagaram cikin hunturu shi kansa aiki ne. Ya kuma ce in duba bayan katin da kyau, domin an canza haɗin fentinsa a Nuwamba 2014, jadawalin lambobi biyu ne ke yawo a intanet, na kafin da na bayan. Ka haɗa sabon kati da tsohon jadawali, ginin tubalin toka ka yi.

Komai na kyamara ya koma na hannu, babu abin da aka bar mata ta zaɓa. Ɗanyen hoto muke ɗauka, RAW, wanda saitin sRGB ko Adobe RGB na kyamara bai ma shafe shi ba. Hoton farko a kowane zama na kati ne shi kaɗai, kwance daidai inda falle zai kwanta, hoton ƙarshe ma haka, don in gane ko haske ya gusa a tsakani. A gefen kowane shafi kuma akwai ɗan zirin kati mai gidajen toka da ma'aunin santimita. Kawu ya kafe cewa kada zirin nan ya hau kan takarda ko da bakinsa ne, na kuwa ji daɗi da na ga masu aikin ma a gefe suke ajiye shi.

Daga hoton katin ake haifar furofil ɗin kyamara. Na yi aiki da ArgyllCMS, kyauta ce, sai dai rubuta mata umarni ake yi, na kwana biyu ina tuntuɓe kafin hannuna ya faɗa. Aikinta ta duba abin da kyamara ta gani a kowane gida, ta gwada da abin da ya kamata ta gani, ta rubuta gyaran a fayil mai ƙarewa da .icc. Tana kuma faɗin tazarar kuskure da ake kira delta E, wadda in ta tsaya 1 zuwa 2 da ƙyar ido ke kama ta. Gwajina na farko gidajen gefe ɗaya suka yi ta zarcewa, na duba fitila, na duba kati, na rasa dalili. Ashe shuɗiyar shaddar ƙanena ce ke mayar da haske kan katin. Daga ranar baƙar riga yake sawa in za mu zauna, yana ƙunƙuni.

Furofil ɗin nan na kyamarar nan ne da fitilun nan kaɗai, ka canza fitila ɗaya ya tashi aiki. Shi ya sa ba a cikinsa na bar hoton ajiya ba, juyawa na yi, wannan karon da saninta, zuwa tiyar da duniya ta sani. Wace ce? Nan ne masana suka rabu, na kuma kashe darare ina karanta gardamarsu. Jagoran FADGI na hukumomin gwamnatin Amurka, mai auna aiki da tauraro ɗaya zuwa huɗu, ya yarda da Adobe RGB da ProPhoto da eciRGB v2 ga littattafai masu daraja, da ɗigo 400 a kowane inci a matakin sama. Metamorfoze na ƙasar Holan eciRGB v2 ya riƙe. ProPhoto, wanda Kodak ta ƙirƙiro, shi ne mafi faɗi a cikinsu, har ya ƙunshi lambobin launukan da babu su a duniya, kuma mutane na rububinsa don sun ji an ce babba ne. Ni ban ga amfaninsa gare mu ba. Tawadar da ta tsufa a takarda ba ta cika ko Adobe RGB ba, balle shi. Sannan na gwada da gangan na cire furofil daga kwafi biyu don in ga abin da jikokinmu za su tarar in an sake yin irin gangancina: na Adobe RGB dushewa ya yi, na ProPhoto kuwa ya yi duhu ya koma kamar an ɗauko shi ta cikin ruwan tabki.

Na tsaya a eciRGB v2. Farinsa D50 ne, hasken da masu ɗab'i ke duba takarda da shi, ana sauke furofil ɗin kyauta, kuma an rubuta ƙa'idarsa a kundin ISO, ta yadda ko fayil ɗin ya ɓace ana iya sake gina shi daga rubutu. Da Adobe RGB na zaɓa ma ba zan ce na yi kuskure ba. Zurfin launi bit 16 na sa, mataki 65,536 a kowane launi maimakon 256. Kyamarata ɗigo miliyan 24 take ɗauka, kowane TIFF megabait 144 ke nan, ga shafi sama da 900.

Abin da ya fi yi min wuyar haɗiya shi ne daina yarda da idona. Fuskar kwamfutata ba a taɓa daidaita ta ba, ba ni da na'urar yin haka, kuma shuɗi take ƙarawa. Sai na koma bin lamba: a gidan toka ja da kore da shuɗi su zo kusan kai ɗaya, farin gida haskensa wajen 95, baƙin wajen 20 a ma'aunin L, wato lambar haske ta Lab. In sun zauna a nan hoto ya yi, ko da a idona ya yi kama da mai zazzaɓi. Kuma yakan yi. Hoton ajiya ba shi da armashi, takarda ke fitowa da dauɗarta da tabon ruwa da sawun yatsun waɗanda suka yi karatu da ita suka shuɗe. Hannun nan nawa da ya saba goge ƙurajen amare yana ƙara musu haske ya yi ta ƙaiƙayi. Sau ɗaya na ɗan rage ɗorawan takardar don ta yi fari, ta kuwa yi kyau ƙwarai, sai na hango ɗigon hamza ya fara narkewa tare da ita. Na mayar da komai yadda yake. Ita takardar ma launinta shaida ne: da ƙanena ya ɗaga wani falle ta gaban fitila muka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, irin takardar Italiya da aka daɗe ana kawowa ƙasashen nan, a da ta hannun fataken Sahara.

Ajiya hawa uku na yi. Ɗanyun RAW suna dosiyensu, ba a taɓa su. TIFF su ne uwa, babu matsi, furofil a cikin kowane ɗaya, kuma na yarda da shi ne don ƙa'idarsa ta yanzu tun 1992 take, har yau ana buɗe shi ko'ina. Daga uwa ake cire ƴaƴa, ƙananan JPEG da aka juya zuwa sRGB, su ake tura wa dangi a waya. Ko hanya ta zubar da furofil ɗinsu, wayar da ta karɓa sRGB za ta zata, ta kuma yi daidai.

Bayan kowane zama ina sa ExifTool ta lissafo min sunan furofil na kowane fayil. Sau biyu wannan ɗabi'a ta fishe ni. Wata rana wuta ta ɗauke ana tsakar rubuta fayiloli, uku suka fito guntaye. Wata rana kuma ni na manta alamar cusa furofil, shafi arba'in suka fita babu shaida, kamar ban taɓa shan wahalar farko ba. Kowane fayil na cire masa lambar SHA-256, wadda ko ɗigo ɗaya ya taɓu za ta canza, duk wata shida in sake lissafi in gwada. A dosiye guda mai suna "launi" na zuba furofil ɗin kyamara, da na eciRGB v2, da hotunan katin na kowace rana, da jadawalin lambobinsa, da ɗan fayil na rubutu zalla da Hausa da Faransanci mai bayanin kyamara da fitilu da matakan da na bi. Faifai uku ne: ɗaya wurina, ɗaya gidan Kawu cikin akwatin ƙarfe a ɗakin ƙasa inda zafin bazara ba ya kaiwa sosai, ɗaya wurin yayata a Maraɗi.

Ranar da na koma wurin Kawu shafin nan dai na buɗe masa. Ya sake zaro fallen, ya dubi wannan ya dubi wancan, bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Ya ce in wuce gaba. Na yi ta wucewa har muka shiga izu na goma sha tara, ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ka ga nan? Jan ya sauya."

Gabana ya faɗi. Gaskiya daga tsakiyar shafin jan ya ɗan yi duhu. Na fara zargin fitila, na leƙa zirin toka a gefe, lambobinsa ba su motsa ba. Kawu ya lalubo fallen, haka yake a takarda. Ya ce nan ne jar tawadar kakan ta ƙare ya haɗa wata, ya ji labarin daga bakin mahaifiyarsu tun yana yaro. A hotunan zagayen farko wannan sauyi ya ɓace cikin bambancin safe da yamma, ko an nuna min da na ce hazo ne.

Ya sa na rubuta bayanin tiyar a takarda da biro. Da ya zo kan eciRGB ya gagare shi, ya ce in sake rubuta masa da ajami a ƙasa. Ya naɗe ta ya sa cikin gafaka, bayan falle na ƙarshe.

Saura abu ɗaya da ke min yawo a rai. A zagayen farko wani malami maƙwabcin Kawu ya ba ni ɗan littafin waƙoƙin wa'azi na ajami, falle 31, na ɗauka a zauren nan da hasken ƙofa. Kafin katin launi ya iso ya koma garinsu wajen Gure da littafinsa. Na liƙa wa hotunan Adobe RGB, jan ya dawo, amma takardar tana nan safe daban yamma daban, babu kuma ziri a gefe da zan kama in daidaita. Na bar su yadda suke, na rubuta a sunan dosiyen: launi ba tabbas, a sake ɗauka. An ce bayan girbi yakan shigo gari. Fitilun suna nan a ɗaure inda suke, na hana kowa taɓa su.